Furen da Ya Tare Mana Ido

Shafi na 14

Masu turo saƙo cewa na daɗe ban rubuta ba, na gani. Da yatsa ɗaya nake rubutu. Ku karanta.

*

Gari ya waye ranar hutun ƙarshen shekara, ranar da iyalina suka saba taruwa a tebur ɗaya. Wannan ne karo na farko da za a yi tun rasuwar matata, uwarsu.

Na goge farin ƙyallen tebur da kaina, na shimfiɗa. Na jera faranti. Wuƙa da cokali a dama, cokali mai yatsu a hagu, kofi a saman wuƙa. Aikin da na yi ke nan a otal tun ina saurayi har gashina ya yi fari. Ko an ɗaure mini ido zan jera.

Gidan shiru, sai ƙugin firji.

Na ja kujerarta zan kai ɗaki. Na kai bakin ƙofa, na dawo da ita inda take.

Tsakiyar tebur ne ya rage. Fure. Wannan aikinta ne, ba ta taɓa bari na sa hannu ba.

Waya ta yi ƙara. Auta ce, 'yata.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya. Me ya faru?"

"Sai wani abu ya faru zan kira ubana?"

"Muryarki ta riga ki faɗa."



"Yaya ya ce zai zo."

Babba take nufi, ɗana na fari. Rabon ƙafarsa da gidan nan tun zaman makokin uwarsu. Ranar yana miƙa wa baƙi ruwa, ya riƙe kofi ta baki, yatsunsa a daidai inda mutum zai sa leɓe. Na gyara masa a gaban jama'a. Ya ajiye tire ya fita. Har yau ina kan bakana, ba a riƙe kofi ta baki.

Na ce, "Ya zo mana. Gidan ubansa ne."

"Baba, ka saurare ni da kyau. An mayar da shi aiki nesa. Bayan hutun nan zai kwashe iyalinsa. Da ƙyar na shawo kansa. Ya ce zai zo shi kaɗai, zai zauna, zai ci. Amma in ka gyara masa ko da riƙon cokali ne, zai tashi. Kuma ya tashi ke nan."

"Ni yake kafa wa sharaɗi?"

"Ni nake roƙonka."

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Ka sayo furen?"

"Yanzu zan fita."

"Irin na Mama za ka sayo, ko?"

"Irin wanda ya dace zan sayo."

"Baba, don Allah..."

Na kashe wayar.

Akwai doka a aikinmu. Ka kafa gwiwar hannunka a kan tebur, ka dunƙule hannu. Fure ba ya wuce dunƙulen nan. In ya wuce, sai baƙi sun yi leƙe kafin su ga juna. Duk ma'aikacin da ya karya ta a ƙarƙashina, sai ya sake.

A gidana kuwa, doguwar kwalba uwarsu take kafawa. Farin fure mai dogon kara, ganye ya baje kamar bishiya. Kowace shekara sai na yi magana.

"Gona kika kawo mana tebur?"

Sai ta ce, "Otal naka, tebur nawa."

Kuma kowace shekara sai furen ya ƙara tsawo. Na ɗauka taurin kai ne yake ƙaruwa da tsufa.

Bana na ce zan yi shi yadda ake yi.

*

Shagon Mai Fure yana cikin lungu, bayan masu gyaran takalma. Bokitai jere a ƙasa, ruwa ya jiƙa siminti, ko'ina warin yankakken ganye. Ƙawar matata ce tun suna 'yan mata. Ta ɗago, ta dube ni ta saman tabarau.

"Yau Mai Tebur da kansa? Ashe ka san hanyar shagon nan."

"Fure nake so. Gajere. Jan wardi, fari kaɗan, da ganye."

"Babu gaisuwa?"

"Ina kwana. Gajere."

"Lafiya lau, na gode da tambaya. Yara ma lafiya."

Na sunkuya kan bokitin wardi. Na matsa gindin ɗaya da yatsa. Laushi.

"Wannan ya kwana biyu."

"Kai ma ka kwana biyu, ba a zubar da kai ba."

Na zaɓi masu tauri, waɗanda ba su gama buɗewa ba. Su ne suke kai yamma ba su sunkuyar da kai ba. Ina cikin zaɓe ta shiga ciki, ta fito rungume da dami guda na farin fure, tsayinsa har ƙirjinta.

"Ga naku. Tun jiya na ware. Hannuna ne ya ware kafin in tuna ba ta nan."

"Ba shi na ce ba."

"Dami biyu kawai na samu bana. An riga an yi maganar ɗayan. In ka bar wannan, babu wani."

"Ba na so."

Ta ajiye shi a kan katako. Ta goge hannu a zani.

"Babba zai zo?"

"Ina ruwanki?"

"In zai zo, ɗauki dogon."

"Ke Mai Fure, sayarwa kika iya. Tebur ni na sani. Fure ba ya wuce..."

"Dunƙulen hannu." Ta kafa gwiwar hannunta a kan katakon, ta dunƙule, ta ɗaure fuska irin tawa. "A nan wurin take tsayawa ta yi haka, da muryarka da komai. Mu yi ta dariya har da hawaye. Kana tsammanin ba ta san dokarka ba? Ta fi ma'aikatanka haddace ta."

"To me ya sa take karyawa?"

"Wa yake zama a gabanka a tebur?"

"Babba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya iya riƙe cokali."

"Ya iya? A wurinka ya taɓa iyawa?"

Na ajiye wardin da ke hannuna.

"Faɗi abin da za ki faɗa."

"Ta hana ni. Amma ta tafi ta bar mini, ni kuma na gaji da ɗauka." Ta jawo kujera ta zauna, ba ta ce in zauna ba. "Wata shekara, yana ƙarami, ta shigo nan washegarin hutu, idonta a kumbure. Ta ce rana ɗaya ce otal yake sakinka ka ci da 'ya'yanka, kuma ranar yaron nan ba ya ƙoshi. Ta same shi a bayan ƙofar kicin yana ci a tsaye, da hannu, yana waige."

"Ban taɓa dukansa ba."

"Haka ta ce. Ta ce ba duka, ba zagi. Ido ne. In ka ɗora masa ido, cokali sai ya karkace a hannunsa. In ya karkace, ka yi magana. In ka yi magana, ya tashi."

"Gyara ne."

"Ta ce mini, ƙawata, ba ni abin da zai tare ido."

Wata mata ta leƙo tana tambayar ganye. Mai Fure ta ce ta dawo an jima.

Na ce, "Me ya hana ta canja masa kujera?"

"A teburinka? Ba kai ka ce ɗan fari shi yake fuskantar uba ba? Ta taɓa farantin ne ka bari?"

Na dubi damin da ke kan katako. Ta ci gaba.

"Kowace shekara sai ta zo ta sa hannu a jikinta. Yaro ya kai nan. Yaro ya kai nan. In ƙara tsawo. Da ya wuce ta, sai ta riƙa ɗaga hannu sama da kanta."

"Surutun mata ne."

"To. Tuna mini shekara ɗaya da kuka yi faɗa a kan teburin nan bayan an fara sa dogon."

Na duba cikin kaina. Mun yi a bakin ƙofa. Mun yi a mota. Mun yi a waya. A tebur ban samu ba.

Ta ce, "Ranar makoki kuma me ya shiga tsakaninku?"

Babu. Tire ne kawai a hannunsa.

Na ce, "Yanke mini dogayen nan."

"Ba da hannuna ba. Kana da almakashi a gida. Sai dai ka sani, da rana ta yi zan rufe, ni ma ina da tebur."

Na ɗauki damin, na ɗauki wardin. Har na kai ƙofa ta ce, "Mai Tebur."

Na tsaya.

"Ka sa sukari kaɗan a ruwan. Haka take yi."

"Na sani."

Ban sani ba.

*

Na juya kan furen ƙasa, yadda ake ɗauka, na kama hanya. Titi cike. Kowa da nasa, wannan da matarsa, wancan da tsohuwarsa a bayan mota. Babu wanda ya tsayar da ni.

A gida na ɗauko doguwar kwalbarta daga saman kabad. Ƙura ta rufe ta. Na wanke. Na zuba ruwa da sukari kaɗan. Na tsige ganyen ƙasa don kada ya ruɓe a ruwa. Na yanke gindin kowane kara a karkace, ɗan kaɗan, don ya sha. Na jera su yadda take jerawa, na kafa a tsakiyar tebur.

Na zauna a kujerata.

Fari da kore. Shi ke nan abin da nake gani. Kujerar da ke gabana ta ɓace.

Na yi ƙoƙarin tuna fuskar Babba yana cin abinci. Na samu ta ƙaramin yaro, kai a sunkuye. Daga nan babu. Sai hannu da yake fitowa ta gefen kwalba, da murya.

"Baba, miƙo gishiri."

Hannun yana girma, muryar tana kauri. Wata shekara agogo ya bayyana a hannun. Wata shekara zobe. Ina jin dariyarsu a bayan ganye, shi da uwarsa da Auta. Na ɗauka tare muke yi.

Na tashi na zagaya. Na zauna a kujerarsa. Ban taɓa zama a kanta ba.

Daga nan, abin da zai gani na mai waccan kujerar, wato ni, hannu biyu ne da wuƙa.

Na juya ga kujerarta.

"Da kin faɗa mini."

Na san abin da za ta ce. Da ka ji?

Na daɗe a zaune. Firji ya yi shiru, ya sake tashi.

Lissafin ba shi da wuya. In na bar furen nan a tsaye, yaron zai zo, ya ci lafiya, ya yi dariya da ƙanwarsa, ya tafi nesa ban gan shi ba. In na yanke, zan gan shi. Ƙila na ɗan lokaci.

Na ɗauko almakashi.

Na kafa gwiwar hannu, na dunƙule, na auna. Karan farko ya yi tauri. Na biyu ya fi sauƙi. Na yanke su duka. Guntayen suka taru a ƙasa kamar itace.

Na ɗauko faffaɗar tasa. Na murƙushe siririyar wayar ƙarfe na cusa a ciki don ta riƙe karan. Ganye na fara sawa, zagaye da baki. Wardi a tsakiya. Farin a tsakaninsu, wani sama kaɗan, wani ƙasa. Ina yi ina juya tasar, don furen tebur ba shi da baya, kowane gefe akwai mai kallo. Na sake aunawa. Bai wuce ba.

Ya yi kyau. Ko a otal ban yi wanda ya fi shi ba. Babu wanda zan nuna wa.

Na share ƙasa. Na mayar da doguwar kwalbar saman kabad. Almakashin na sa a aljihu.

*

Auta ta iso da kulolin abinci a hannu biyu. Ta tura ƙofa da ƙafa.

"Baba, karɓi wannan, hannuna zai..."

Ta ga teburin. Ta ajiye kulolin a ƙasa.

"Ina dogon?"

"Ga shi nan."

"Ina?"

"A tasa."

Ta matso, ta taɓa farin furen da yatsa. Ta ga inda aka yanke.

"Baba, me ka yi?"

"Ke ma kin sani ke nan."

Ta kau da kai.

"Tambayarki nake."

"Kowa ya sani. Har matar Yaya."

"Ban da ni."

"Don kai aka yi."

"Don ni, ko saboda ni?"

Ta ciro waya ta kira Mai Fure. Ba a ɗauka ba. Ta sake. Ta jefa wayar a jaka.

"To bari in zauna a gabanka ni. Yaya ya koma gefe, kusa da kujerar Mama."

Ta kai hannu ga farantinsa.

"Bar shi inda yake."

"Baba."

"Na ce bar shi."

Ta sake shi. Ta tsaya tana dubana, irin duban uwarta.

"Za ka iya yin shiru?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, ka yanke?"

"Na yanke."

"Yaya da gwiwar hannu a tebur yake ci. Yana busa miya. Yana goge cokali da gefen riga. Duk za ka gani."

"Tun yaushe yake busa miya?"

"Tun da can, Baba. Tun da can."

Ta zauna a bakin kujera. Ta rufe fuska da hannu, ta buɗe.

"In ya tashi yau, ni ce zan riƙa kai saƙo tsakaninku har in tsufa. Baba ya ce, Yaya ya ce. Mama ta iya. Ni ba zan iya ba. Ina da nawa gidan."

"Ban aike ki ba."

"Ba ka taɓa aiken kowa ba. Da kanmu muke tafiya."

Na ɗauki kulolin na kai kicin. Na dawo na gyara wuƙar da hannunta ya karkatar. Ta gani, ta girgiza kai.

Sai muka ji mota ta tsaya a waje.

Auta ta miƙe. Ni ina tsaye a bayan kujerata, na riƙe ta.

An rufe ƙofar mota. Takun ya zo har bakin ƙofa ya tsaya. Ya daɗe a nan. Sannan aka yi sallama, Auta ta amsa, ƙofa ta buɗe.

Fure ne ya fara shigowa.

Fari, mai dogon kara, dami guda, naɗe da takardar shagon Mai Fure. Ya riƙe shi a tsaye, kai sama, ya rufe masa fuska gaba ɗaya. Hannu kawai nake gani. Agogo da zobe.

Muryar ta fito daga bayan ganye.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya."

"Na ce ko ba a samu wanda zai sayo ba bana. Shi ya sa na..."

Ya matso bakin tebur. Ya karkata damin gefe don ya ga inda zai ajiye.

Ya ga tasar.

Ni kuma na gan shi. Furfura ta fito masa a gemu. Akwai layi a goshinsa, daidai inda nawa yake. Ban san lokacin da suka zo ba.

Ya dubi tasar, ya dubi Auta. Auta ta dubi ƙasa.

Takardar ta jiƙe a gindi. Ruwan kara ya taru, ya ɗiga a kan farin ƙyallen da na goge. Kore-kore. Ya sake ɗiga, kusa da farantinsa.

Na gani. Ya ga na gani.

Maganar ta taso har haƙorana. Ba a riƙe fure kai sama. Ba a tsayawa da jiƙaƙƙen abu a kan tebur. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga tana jira, yadda take yi tun yana yaro.

Na zagaya. Na ɗora tafin hannuna a kan tabon, na rufe shi.

Babu wanda ya yi motsi.

Ya ce, a hankali, "Ina zan sa wannan, Baba? Wuri ɗaya ne a tsakiya."

Na sa ɗaya hannun a aljihu. Na ciro almakashin. Na juya shi ta wajen mariƙi, yadda ake miƙawa, na miƙa masa.

Ya dube shi.

"Ka san in na yanke, babu abin da zai tare."

"Na sani."

"Ni ban canja ba. Yadda nake ci, haka nake ci."

"An faɗa mini."

"Kai fa?"

Na ƙara matso masa da almakashin.

Furen yana hannunsa na dama. Makullin mota yana na hagu, bai sa shi a aljihu ba tun da ya shigo. Dole sai ya ajiye ɗaya kafin ya iya karɓa.

Ruwan ya sake ɗiga, wannan karon a bayan hannuna.

Na tsaya da almakashi a miƙe.